Manhaja Uku da Wasiƙun Shugaba

Litinin, 6 ga Oktoba

Yau Shugaba ya kira ni ofishinsa ya ce in zauna. Shekara goma sha tara ina buga masa takardu a makarantar nan, kullum a tsaye nake da littafina da biro, bai taɓa nuna mini kujera ba. Tun daga nan na san akwai wata a ƙasa.

Wai hukumar makaranta ta ce duk ofisoshi su koma kan manhajar rubutu guda ɗaya. An kawo uku, ni zan gwada su, kowace kwana uku, in rubuta rahoton wadda ta fi. "Ke kika fi kowa sanin aikin, Malama." Uhm. Yaushe aka fara neman ra'ayina a gidan nan? Ko labulen ofishina da aka canza ba wanda ya tambaye ni.

Sabon malamin kwamfuta ne zai saka mini su. Mai Murmushi nake ce masa a raina, don wata biyu da zuwansa ban taɓa ganin bakinsa a rufe ba. Mutum ya yi ta murmushi ba gaira ba dalili, ni ban yarda da shi ba.

Talata, 7 ga Oktoba

Ya saka su. Sunayensu ba sa zama a bakina, sai na raɗa musu nawa.

Ta farko Tsohuwa, ita ce dai wadda nake aiki da ita, an yi mata kwalliya an sauya wa maɓallai wuri don a wahalar da ni. Ta biyu Ta Kyauta, wai kowa ya ɗauka, ba a biyan komai. Na ce, me ya sa? Wa yake yin aiki haka kawai ya ba duniya? Ya ce mutane ne masu son taimako. To, Allah ya sa. Ta uku Ta Sama, ita ba a cikin kwamfutata take zaune ba, a intanet take.

"Anti, wannan ko wuta ta ɗauke ba abin da zai ɓace miki, da kanta take adanawa."

Na ce a ina take adanawar? Ya nuna silin da yatsa. Na ce a hannun wa? Sai dariya. Ban ga abin dariya ba.

Na ja layi da rula a farar takarda: gida uku, tambaya takwas. Da hannuna zan cike, ba zan buga a cikin ko ɗayansu ba.

Laraba, 8 ga Oktoba

Tsohuwa. Tana buɗewa da nawa kamar ni da safe, amma abin da na gani a fuskar kwamfuta shi firinta ke fitarwa, tambarin makaranta ba ya gusawa ko kaɗan. Wasiƙar iyaye ɗari biyu da arba'in, kowace da sunan ɗanta, ta haɗa su kafin shayina ya huce. Aibinta ɗaya, in wuta ta ɗauke ban danna adanawa ba, shi ke nan, na yi wa iska aiki.

Bari in rubuta abin da ke cina, tunda ba mai karanta wannan littafin sai ni.

Shugaba mutumin kirki ne, amma in ransa ya ɓaci bakinsa ba shi da linzami. Yana tsaye bakin taga yana faɗa, ina rubutawa. "Ki ce masa shi sakarai ne, kuma wanda ya ɗauke shi aiki ya fi shi sakarci." In na koma teburina sai in buga: "Muna jan hankalinka cewa aikin bai kai yadda muka saba gani daga gare ka ba." In kai masa, tabarau a goshi, ya sa hannu ko kallo bai yi ba. Haka muke shekara goma sha tara. Na cire zagi ya fi a ƙirga. Akwai iyayen da har yau suke yabon ladabin wasiƙunsa.

Amma a ƙa'ida wannan laifi ne. Sauya maganar shugaba a takarda mai tambari, ya sa hannu bai sani ba? Kora ce, ba ko sallama. Kuma saura mini shekara uku in yi ritaya da mutuncina.

Shi ya sa nake tambayar kaina: me ya kawo wannan gwajin yanzu?

Alhamis, 9 ga Oktoba

Mai Murmushi ya leƙo sau uku yau, wai ko ina buƙatar wani abu. Me yake nema a teburina?

Asabar, 11 ga Oktoba

Na faɗa wa Baban yara ana haƙa mini rami a ofis. Yana gyaran fankar falo, ko waiwayowa bai yi ba. Ya ce, "Ke ko inuwarki ce ta biyo ki sai kin tambaye ta wa ya aiko ta." Na ce ai gara in tambaya. Ya ce in miƙo masa sukudireba.

Maganar wasiƙun ko shi bai sani ba.

Litinin, 13 ga Oktoba

Ta Kyauta. Gaskiya ba ta da nauyi, kafin in gyara zama ta buɗe, kuma ba ruwanta da intanet. Amma na buɗe tsohon jadawalin darussa a cikinta, sai ga layuka sun hau kan juna, Laraba ta shige cikin Alhamis. Na kwashe rabin safiya ina jan layi da linzamin kwamfuta kamar mai tsifar kai. Haruffanmu masu lanƙwasa kuwa ta fi Tsohuwa sauƙin samu, wannan na ba ta.

Na sa mata maki biyar cikin takwas. Ba za ta cutar da ni ba, amma za ta tsufar da ni.

Talata, 14 ga Oktoba

Malamin Lissafi ya kawo tambayoyin gwaji in buga masa. Ya riga ni zuwa makarantar nan da shekara uku, mutum ne da ko tari ba ya yi da ƙarfi. Ta Kyauta ta watsa masa alamomin lissafi, na sama suka sauko ƙasa. Da can da ya tsaya a kaina sai an gyara kowane ɗigo. Yau sai ya ce, "Bar shi haka, Malama, zan gyara da biro."

Na ɗago na dube shi. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ashe matarsa ce a asibiti, kwana tara, ƙoda. Shi ke jinya da safe kafin ƙanwarta ta karɓe shi, shi ya sa yake makara darasin farko. Ya ce don Allah kada in faɗa wa kowa, ba ya son a riƙa binsa da ido ana sannu. Na yi masa alkawari.

Laraba, 15 ga Oktoba

Na ga Mai Murmushi ya fito daga ofishin Shugaba suna dariya. Da suka gan ni suka yi shiru. Ko dai dariyar ce ta ƙare? Oho. Ban sani ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Ta Sama. Tabɗijam.

An saka wa Shugaba ita a waya. Yana ofishinsa yana magana, ni ina nawa ofishin, kalmomi suna fitowa a gabana ɗaya bayan ɗaya, hannuna a cinya. Tsigar jikina ta tashi wallahi. Ba littafi, ba biro, ba tsayuwa bakin taga. Nawa kawai in daidaita sakin layi in fitar a firinta. Wato abin da ake nufi ke nan: a nuna wa hukuma cewa waya ta iya aikina.

Wasiƙar ta mai gyaran famfo ce, wanda ya bar banɗakin ɗalibai yana yoyo. Shugaba ya kira shi makaho, ya ce jaki ma in an ba shi sifana zai fi shi. Na goge makaho, na sallami jakin, na sa nawa kamar kullum. Ya sa hannu.

In faɗi gaskiya, wuta ta ɗauke ana tsakar aiki, da ta dawo ko waƙafi bai ɓace ba. Amma in intanet ta yi rauni sai ta riƙa tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Na rubuta wannan da manyan baƙaƙe.

Jumma'a, 17 ga Oktoba

Innalillahi. Yau na ga ta kaina.

Mai Murmushi ya zo wai zai nuna mini "abin da ya fi komai daɗi" a Ta Sama. Ya danna wani ɗan agogo a kusurwa, sai gefen takarda ya buɗe: tarihin duk abin da aka taɓa. Wa ya rubuta, wa ya goge, ƙarfe nawa. Kuma wasiƙar da ya buɗe don misali ita ce ta mai gyaran famfo.

Ga makaho nan an ja masa layi. Ga jaki da sifanarsa. Ga sunana a gefe, ƙarfe goma da minti bakwai.

Na ji zufa tana bin bayana, ga fanka tana juyawa. Ya karanta, na ga idonsa ya bi layin har ƙarshe. Sannan ya ce, "Kai, Anti, kin iya magana." Ya rufe.

Na ce ana iya kashe wannan agogon? Ya ce a Tsohuwa da Ta Kyauta sai mutum ya kunna da kansa suke bin sawun gyara, amma ita wannan ba a kashewa, haka aka gina ta.

Daga yau sunanta Mai Ido.

Cikin wasiƙu nawa, sai wannan ya buɗe? Wai ni za a ce wa katari ne.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Na cike takardar rahoto. Tsohuwa takwas cikin takwas, har da maganar ɗaukewar wuta na yafe mata. Mai Ido uku. Na san ƙarya ce, ta ci shida ko bakwai. Na rubuta "ba ta dace da yanayin aikinmu ba", na ja layi biyu a ƙasa.

Baban yara ya ce tun jiya gishiri ya yi yawa a miya, lafiya? Na ce lafiya lau.

Saura kwana ɗaya na gwaji. In na tsallake gobe ban taɓa ko harafi ɗaya ba, in an tambaye ni ta mai famfo sai in ce gwada gogewa nake yi.

Litinin, 20 ga Oktoba

Ƙarfe tara kalmomi suka fara fitowa a gabana. Wasiƙa ce ga Malamin Lissafi.

"Ka mayar da makarantar nan gidan kakanka. Kwana goma kana shigowa lokacin da ka ga dama. In tsufa ne ya kama ka, ka faɗa mana mu nemi mai jini a jika. Ba ma ajiye kaya marasa amfani."

Na karanta sau uku. Hannuna ya je kan madannai da kansa, har na san abin da zan sa: muna fatan lafiya ce, ƙofar ofis a buɗe take. Sai idona ya faɗa kan ɗan agogon nan.

Na ce to, ashe tarkon ke nan. An zaɓi wasiƙar da aka san ba zan iya bari ba, ana can ana kallo a waya a ga ko zan taɓa. In je in faɗa wa Shugaba maganar asibiti kuma, na yi alkawari.

Na daidaita sakin layi. Na fitar. Tabarau a goshi, ya sa hannu. Na ninke da hannuna na sa a ambulan na ajiye a akwatin malamai.

Ban ci abincin rana ba.

Talata, 21 ga Oktoba

Malamin Lissafi bai zo ba. Ajinsa suna ta surutu har ofishina ake ji.

Laraba, 22 ga Oktoba

Ya zo ƙarfe goma sha ɗaya da takarda rubutun hannu, layi huɗu, ta ajiye aiki. Ya ɗora a teburina ya ce in shigar masa.

Na ce, Malam, ka zauna mana. Ya ce a'a. Ya ce, "Shekara ashirin da biyu, Malama. Na sha samun takardar jan kunne daga ofishin nan, amma kullum in na karanta sai in ji an san ni mutum ne. Wannan kuwa..." Bai ƙarasa ba. Ya ajiye makullin kabad ɗin ajinsa kusa da takardar ya fita.

Na shiga banɗaki na yi kuka. Ni na san waɗancan takardun wa ya rubuta su, kuma na san wa ya bar wannan ta fita. Kunya ce ta ishe ni, ba wani abu ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Da safe Shugaba ya kira ni. Kwafin wasiƙar Litinin a gabansa, wannan karon tabarau a ido. Ya sha mur.

"Wa ya rubuta wannan?"

Na ce, ranka ya daɗe, kai ka faɗa, waya ta rubuta.

"Na san ni na faɗa! Tambayarki nake me ya sa ta fita haka."



Ya buɗe durowar ƙasa ya fito da fayil ɗin kwafin wasiƙu, wanda nake zaton ni kaɗai ke taɓa shi. Ya ce duk Jumma'a in an tashi yakan zauna ya karanta abin da ya sa wa hannu a makon. Tun shekarar farko. Har ya karanto mini wata jimla tawa da ka, ta wasiƙar wani uba, shekara goma da suka wuce.

"Ina faɗa miki abin da ke raina ne don na san ba shi zai fita ba. In ba haka ba, kina tsammanin ni mahaukaci ne in kira mutum jaki a takarda mai tambari?"

Na ce to me ya sa bai taɓa faɗa mini ba? Ya ce in ya faɗa, ya zama dole ya gode, in ya gode kuma ya amsa cewa bakinsa ba shi da kyau. Ya ce ni ma ai ban faɗa ba.

Na ce gwajin manhajar fa? Ya dube ni kamar na yi wani yare. "Wane gwaji? Hukuma ce ta gaji da fayil ɗin da ba ya buɗuwa a ofishin wani."

Shekara goma sha tara ina ɓoye wa mutum abin da yake karantawa duk Jumma'a. Haushi ya kama ni, na rasa na wa, nasa ko nawa.

Daga nan na karya alkawari, na faɗa masa maganar asibiti. Allah ya yafe mini, Malam ma ya yafe mini. Shugaba ya cire tabarau ya riƙe kansa da hannu biyu, ya daɗe a haka.

Jumma'a, 24 ga Oktoba

Shugaba ya ce mu rubuta wa Malamin Lissafi wata wasiƙar. Kwanakin gwaji sun ƙare, amma ya ce a Mai Ido yake so, kuma in yi gyarana a fili, Mai Murmushi ya nuna masa inda ake karɓa ko a ƙi.

Ya faɗa daga ofishinsa, a hankali yau, yana tsayawa. Na bi na gyara wuri shida, kowane da sunana a gefe, ido na ganin ido. Ina kallo ya karɓi na ɗaya, na biyu, har na biyar.

Na shida ya ƙi.

Shi cewa ya yi: "Na yi maka rashin mutunci, kuma ban san halin da kake ciki ba. Ka yafe mini, ka dawo." Ni kuma na mayar da shi: "Hukumar makaranta tana takaicin rashin fahimtar da aka samu." Haka na saba, ai shugaba ba ya roƙo a takarda. Sai ga ɗan saƙo ya fito a gefen layin: "Wannan ki bar mini nawa."

Na karanta nasa, na karanta nawa. Nasa ya fi. Ba kusa ba ma.

Tun ɗazu abu ɗaya ke yawo a kaina. A shekarun nan, in ya huce a ƙarshen wasiƙa yakan faɗi wata 'yar magana mai taushi, ni kuma in ga ba ta yi kama da ta ofis ba in goge ta tare da zagin. Sau nawa na yi haka? Tsohuwa ba ta ajiye ba, balle in duba.

Da kansa ya ɗauki ambulan ya tafi asibiti, ko direba bai jira ba.

Asabar, 25 ga Oktoba

Na faɗa wa Baban yara komai, tun daga farko. Ya yi dariya har da tari. Da ya ga fuskata ya daina, ya ce, "To ni wasiƙun da kika riƙa rubuto mini kafin aure, wa ya gyara miki?" Na jefe shi da matashin kujera.

Litinin, 27 ga Oktoba

Babur ɗin Malamin Lissafi yana ƙarƙashin bishiyar bakin ƙofa da na iso. An mayar da darasinsa na farko zuwa bayan tara. Ya karɓi makullinsa a teburina, ya gaishe ni, bai yi maganar alkawari ba, ni ma ban yi ba. Jikin matar da sauƙi kaɗan.

Na yaga takardar ranar Lahadi na sake wata. Tsohuwa shida, Ta Kyauta biyar, Mai Ido bakwai. Na rage mata ɗaya saboda intanet, kuma wannan hakkina ne. Ban ce ina sonta ba. Har yanzu ba wanda ya faɗa mini a hannun wa takardunmu suke kwana a can saman, na kuma rubuta haka a rahoton, layi biyu a ƙasa.

Mai Murmushi ya karɓa yana murmushi. Ya rantse bai faɗa wa kowa maganar jaki ba, wai wasiƙar ce kawai ta ƙarshe a jeri shi ya sa ya buɗe ta. Wataƙila. Na ba shi shayi dai.

Ƙarfe biyu kalmomi suka fara fitowa, wasiƙa ga mai kawo alli da ya kawo mana jiƙaƙƙe. Akwai "ɓarawo" a layi na biyu. Na ja masa layi, sunana ya fito a gefe, na bar shi a nan. A ƙasa Shugaba ya ce, "Na san ruwan sama ne ya same ka a hanya." Hannuna ya je zai goge, na dawo da shi cinya.